Tsuntsun da Habibou Ya So Ya Yanke wa Fiffike

Akwai wani bawan Allah mai suna Habibou, ɗan Maraɗi, da ke sayar da jakunkuna a titin Canal Street, a wani babban birnin bakin teku can ƙasar waje. Can gida mai kiwon tattabarai ne, shi ya sa ba ka rabuwa da shi bai daki ƙirji ya ce, "Ni fa duk abin da ke da fiffike na san halinshi!" ba.

Wata safiya, bayan an sha iska mai ƙarfi, ya tsinci wani tsuntsu a gindin teburinsa. Baya ruwan ƙasa, ciki fari, ƙafafu irin na agwagwa. In ya yunƙura zai tashi sai ya kife. Habibou ya sa shi a kwali ya kai gidansa a unguwar Morrisania, ya raɗa masa suna Baƙo.

Ya zuba masa gero, Baƙo ya kau da kai. Ga ruwa na ɗiga daga hancinsa.

"Mura ce," in ji Habibou. "Tahiratu, dafa mishi citta."

Matarsa Tahiratu ta riƙe haɓa. "To, likita. Da zuma ko babu?"

Washegari ya ɗauko almakashi. A dokar masu tattabarai, baƙon tsuntsu sai an rage masa fiffike, ya saba da gida tukuna.

Tahiratu ta tsaya a kansa. "Baban Hanan, kai da ke jiran takardun zama a ƙasar nan, kullum kana kukan ba ka iya zuwa ka ga Inna. Daɗi kake ji?"

Almakashin ya tsaya a sama. Kafin ya samu amsa, Baƙo ya wage baki ya feso masa wani mai mai ƙarnin kifi a gaban sabuwar shaddarsa.

"Ka ji nasa ra'ayin," in ji Tahiratu, tana dariya har da hawaye.

Haka ya haƙura suka kai shi wurin masu jinyar tsuntsayen daji. Ma'aikaciyar wurin ta ce tsuntsun teku ne, sunansa shearwater, iska ce ta jefo shi gari. Kifi yake ci. Ruwan hancin kuwa gishirin teku ne yake fitarwa. A wasu tsibirai can kudancin tekun Atlantika irinsu suke ƙyanƙyasa, ƙwai ɗaya tak a shekara, su zo arewa cin abinci su koma. Leda da ƙugiyoyin masunta na kashe su da yawa.

"Da an taɓa fiffiken nan, da bai ga gida bana ba," in ji ta.

Habibou ya saci kallon matarsa, ya yi tari.

Da Baƙo ya murmure, aka gayyace su su ga sakinsa a cikin kwalekwale, can cikin teku. Habibou kansa na juyawa, ya ƙanƙame ƙarfe yana salati, amma da hannunsa ya buɗe kwalin. Baƙo ya sheƙa a guje a kan ruwa, fal-fal-fal, ya ɗaga, ya miƙa.

"Allah shi kai ka gida lafiya, ɗan'uwa!" Habibou ya ƙwala masa kira, yana goge ido. Ya ce wai gishirin teku ne.

"Mura ce," in ji Tahiratu. "In dafa citta?"

Darasi: Sanin tattabara ba sanin kowane tsuntsu ba ne, in ba ka sani ba ka tambaya. Kuma abin da ba ka so a yi maka, kada ka yi wa wata halitta da sunan ƙauna. Ku tura wannan labari ga masanin gidanku, kowane gida akwai shi!