Kwandalar da Hannu Bai Taɓa Ba

Ranar Laraba da hantsi Sarkin Kasuwa ya kira Jatau maƙerin azurfa, ya miƙa masa kwandala a liƙe cikin gilashi.

"Masana sun shaida hannu bai taɓa ta ba, shi ya sa take da tsada. Gwada min ko azurfa ce. In ka buɗe, ko ka kasa, ka bar rumfarka."

Jatau ya shinshina gilashin, ya kara a kunne, ya buga tsalle.

"Ranka ya daɗe, azurfa ce zalla!"

"Ƙarya kake, ba ka gwada ba!"

"To a fasa a kunyata ni. Ga guduma."

Sarkin Kasuwa ya fizge kwandalarsa ya cusa a aljihu.

"Wa ya ce ƙarya kake? Koma rumfarka!"