Ranar da Dokar Gadu Ta Tsare Shi a Rami

An yi wani daji mai ƙasashe uku maƙwabtan juna: Tudu, Fadama da Kurmi. Gadu ne shugaban Tudu, ga shi da girman kai kamar shi ya dasa dajin. Zalɓe ke mulkin Fadama, sarkin zumuɗi, ko ganye ya faɗo sai ya buga fukafukai. Kurmi kuwa tana hannun Beguwa, wadda ba ta taka ƙa'ida ko da wasa.

Kowace ƙasa tana da babbar dokarta, wato tsarin mulkinta, kuma ba mai iya taɓa ta sai taron 'yan ƙasa. Duka ukun sun zo ɗaya a magana guda: baƙo ba ya tsallake iyaka sai da izinin shugaba.

Wannan doka ta wahalar da kowa. Tudu na da aya jibgi amma ba ruwa, Fadama na da ruwa amma ba inuwa, Kurmi kuma inuwa ce zalla.

Wata rana Zalɓe ya diro mahaɗar iyakoki yana haki.

"Na samo! Wallahi na samo!" in ji shi. "Mu kafa tarayya! Kowa ya sha ruwana, kowa ya huta a inuwar Yaya Beguwa, kowa ya tona ayar Tudu. In gobara ta tashi a ƙasa ɗaya, mu ruga gaba ɗayanmu!"

Gadu ya ji an ce ruwa kyauta, sai baki har kunne. "Ai ni na fara tunanin nan tun bara," in ji shi.

Beguwa ta girgiza ƙayoyinta. "Ku saurara mini. Mu uku ba mu isa mu buɗe iyaka da bakinmu ba. Kowa ya koma gida ya tara mutanensa. In sun yarda, su gyara babbar dokarsu da kansu, sannan alkawarin tarayya ya zama doka a ƙasarsu."

"Mun ji, mun ji!" in ji Gadu. "A buga ganga!"

Kai, ranar an sha rawa! Zalɓe ya taka da ƙafa ɗaya har ya faɗa taɓo, Gadu ya yi ta juyi ƙura na tashi.

Beguwa ta tara 'yan Kurmi, aka yi ta cacar baki, daga ƙarshe suka gyara dokarsu. 'Yan Fadama ma haka. Gadu kuwa ko bushiya ɗaya daga cikin 'yan Tudu bai kira ba. Maimakon taro, sai ya nufi wurin rundunar rina masu gadin ƙofar Tudu, waɗanda suka yi rantsuwa ga babbar doka, ba ga shugaba ba.

"Me doka ta ce game da baƙo?" ya tambaye su.

"Ranka ya daɗe, ta ce ba ya shiga sai shugaba ya tsaya a bakin ƙofa da ƙafafunsa, ya furta izini da bakinsa," in ji Uwar Rina.

"Madalla. Kada ku sassauta ko kaɗan. Ko muryata kuka ji daga nesa, ba izini ba ne."

Daga nan Gadu ya shiga cin duniyarsa. Da hantsi ya sha ruwa a Fadama, da rana ya miƙe a inuwar Kurmi yana kalacin ɓaure, da yamma ya dawo kan ayarsa. In 'yan Fadama suka zo tonon aya, rina su kore su.

Zalɓe ya tare shi a bakin ruwa. "Ɗan'uwa, wannan wace irin tarayya ce? Ka sha namu, ka hana naka?"

Gadu ya sha mur. "Tudu ƙasa ce mai cin gashin kanta. Dokar gidanmu ta fi alkawarin da aka yi cikin rawa. Ko so kake na taka tsarin mulki?"

Abin haushin kuwa, maganarsa tana kan doka. Sai dai shi ne ya hana a tambayi masu dokar.

Haka Gadu ya yi ta ƙiba har wuyansa ya ɓace. To, ku kun san gadu da baya-baya yake shiga raminsa. Rannan da tsakar rana ya tura gindi, ya tura ciki, sai ya maƙale cak! Ba gaba, ba baya, kai kaɗai a waje.

Ana cikin haka iska ta kwaso ƙaurin hayaƙi. Gobara ta kama busasshiyar ciyawar Tudu, tana gangarowa wajen ramin.

Zalɓe ne ya hango daga sama. "Wuta! Wuta a Tudu! Ku fito!" Kafin a ce me, 'yan Fadama sun kwaso ɗanyen taɓo, Beguwa ta taho da masu tono. Suna isa ƙofa, rina suka yi musu shinge.

"Ku bar su su shigo!" Gadu ya kurma ihu daga rami. "Na ba da izini! Ni ne Gadu!"

"Ranka ya daɗe, mun ji muryarka," in ji Uwar Rina. "Amma sai ka zo bakin ƙofa da ƙafafunka. Kai ka ce kada mu sassauta."

"Ƙafafun suna cikin rami, shashasha!"

Zalɓe ya yi ta tsalle. "Yaya, mu afka musu kawai! Zai ƙone!"

"A'a," in ji Beguwa. "In muka keta dokarsu da ƙarfi yau, gobe wani zai keta tamu ya ce taimako ya kawo. Ƙasar nan tana da masu ita." Ta ɗaga murya iya ƙarfinta: "'Yan Tudu! Ku taru! Dokar nan taku ce, ku kaɗai za ku iya buɗe ta!"

Sai ga su suna ɓullowa ta ko'ina, bushiya da gafiya da zomaye, kowa na tari. Suka tsaya daga cikin ƙofa, wata tsohuwar Bushiya ta hau kan suri.

"Kun yarda mu shiga tarayya, a buɗe ƙofa ga maƙwabta?"

"Mun yarda!"

"Kun yarda a cire izini daga bakin shugaba, a mayar wa taro?"

"Mun yarda!"

"Wannan ta biyun ba gaggawa ba ce!" in ji Gadu cikin hayaƙi. Ba wanda ya ko waiwaye shi.

"Amma gonar da muke ajiye irin aya tamu ce mu kaɗai," in ji Bushiya. "Ba ta cikin tarayya."

"Haƙƙinku ne," in ji Beguwa.

Uwar Rina ta buɗe hanya. Wayyo, zo ku ga gudu! Masu taɓo suka yi ta yaɓa wa wuta, Beguwa ta duƙufa tono ƙasa na tashi. Wuta ta lashe gashin bayan Gadu daidai lokacin da ya fito fit kamar an zare toshiyar gora. Ya ɗaga wutsiya sama don kada ta kama, ya zura da gudu, bai tsaya ko'ina ba sai cikin ruwan Fadama tsundum. Ba wanda ya tare shi, domin ƙofar Fadama ta daɗe a buɗe.

Da ya dawo, sai ya tarar da 'ya'yan Zalɓe suna tonon aya a ƙofar raminsa. Ya buɗe baki zai kira rina, sai ya tuna izini ya koma hannun taro, ya rufe. Har yau jikin gadu ba gashin kirki, kuma in yana gudu wutsiyarsa a sama take.

Darasin wannan labari shi ne, ikon ƙasa na mutanenta ne, ba na shugaba ba. Su ke da damar yanke abin da za su haɗa da maƙwabta da abin da za su riƙe wa kansu, ta hanyar babbar dokarsu. Maƙwabci nagari ba ya keta wannan doka ko da niyyar alheri. Wanda kuma ya fake da ita don ya ci na wasu ya hana nasa, ya sani ranar da wuta ta taso, ƙofar da ya kulle ce za ta tsare masu cetonsa.