Jikan Da Ya Binne Kakarsa A Takarda

Akwai wani saurayi a layinmu nan garin Dayton a Amurka, Desmond Whitlock, gidansu yana kallon nawa. Ɗan ajin ƙarshe ne a sakandare, mai kaifin ƙwaƙwalwa, kuma ya san da haka, wanda shi ne matsalar. Yana zaune da mahaifiyarsa Yvonne da kakarsa Loretta, tsohuwar da ta yi shekara talatin da ɗaya tana tuƙa motar 'yan makaranta. Rabin iyayen layin nan a motarta suka girma.

Desmond ya ƙwallafa rai a kan wata babbar jami'a, irin wadda cikin mutum goma da kyar take ɗaukar ɗaya. Ya shiga sahun masu neman gurbi da wuri, a miƙa takardu ɗaya ga Nuwamba, a ji sakamako tsakiyar Disamba. Maki yana da shi. Abin da ya rage masa shi ne rubutun nan na kalma ɗari shida da hamsin, inda ɗalibi yake ba da labarin rayuwarsa.

Mako biyu yana fama, bai wuce layi uku ba.

Abokinsa Tobias ya ce masa a wurin cin abincin rana, "Kai matsalarka ba abin da ya taɓa samunka. Mutanen nan takarda dubu suke karantawa, sai wadda ta sa su hawaye suke tunawa. Wa ya mutu a gidanku?"

Desmond ya ce, "Ba kowa."

"To ka shiga uku, ɗan gata."

Tobias wasa yake yi, amma Desmond bai ɗauke shi wasa ba. Ya dawo gida da yamma, ya tarar da kakarsa tana ferayar dankali tana 'yar waƙarta, ya wuce ɗaki ya kashe ta a takarda.

Ya rubuta cewa ta rasu ranar wata Talata a watan Maris. Ya rubuta kujerarta ta bakin taga da ba kowa a kai, da jar rigar sanyinta da ke rataye bayan ƙofa. Ya ce ya riƙe hannunta a asibiti, maganarta ta ƙarshe ita ce, "Tafi, kada ka waiwayo." Rubutun ya yi kyau, ban ɓoye muku ba. Ya aika, ya ce a ransa wa zai bincika.

Daga ranar hankalinsa bai sake kwanciya ba.

Da safe in ya sauko ya ga kujerar bakin taga ba kowa, sai ya tsaya cak har sai ya ji motsinta a kicin. Jar rigar nan da ya saba wucewa bai ko kalla ba, yanzu ita yake fara gani in ya buɗe ƙofa. In ta yi tari sai ya ajiye cokali. Talata kuwa ta zame masa ranar fargaba, daga makaranta yake kiranta sau biyu, sau uku.

Ita dariya abin ya ba ta. Ta ce, "Kai ja'iri, me ka ɓata? Shekara goma sha bakwai ba ka taɓa tambayar lafiyata ba, yanzu ka zama likita."

Ranar bikin godiya da ake yi nan duk ƙarshen Nuwamba aka zagaye teburi, kowa yana faɗin abin da yake gode wa Allah a kai. Da aka zo kan Loretta ta ce, "Na gode da na ga wannan shekara. Saura in ga yaron nan ya shiga jami'a, sai in huta." Desmond ya tashi ya fita waje cikin sanyi.

Sakamako ya fito wata Alhamis da ƙarfe biyar na yamma. Yvonne ta ɗaga waya tana ɗaukar hoto. Desmond ya buɗe shafin jami'ar a intanet, sai ga rubutun taya murna, an ɗauke shi. Loretta ta buɗe rigar sanyinta, ashe a ciki tana sanye da riga mai sunan jami'ar. Mako uku tana ɓoye da ita a ƙarƙashin katifa, don kowa a nan ya san cewa saka ta kafin sakamako yana korar sa'a. Ta rungume shi, shi kuma jikinsa ya yi sanyi kamar ya rungumi gawa.

Ranar Asabar babban ambulan ya iso ta gidan waya. A irin waɗannan jami'o'i, wanda ya karanta takardar ɗalibi yakan ƙara 'yan layuka da hannunsa. Suna zaune a teburi Yvonne ta zaro wani kati daga ciki, ta gyara murya ta karanta da alfahari:

"Desmond, labarin rasuwar kakarka Loretta ya sa mu hawaye. Na tabbata da tana raye, da ta yi alfahari da kai."

Yvonne ta juya katin kamar za ta sami gyara a bayansa.

Loretta ta ajiye kofin shayinta a hankali, ta ce, "Yaushe na mutu?"

Desmond ya sunkuyar da kai. "Kaka, don Allah..."

"Tambayarka nake. Yaushe?"

"Talata. A watan Maris."

"To. Kawo min in karanta, in ji ko an yi min jana'iza mai kyau."

Ya buga mata takardar, ta sa tabarau ta karanta har sau biyu. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce, "Ashe ka san ina tashi ƙarfe huɗu in ɗumama mota saboda yara. Ashe ka san sunan waƙar da nake yi. Duk ka sani, amma ba ka taɓa faɗa min ko ɗaya ba. Sai da ka kashe ni ka iya yabona."

Ta ninke takardar, ta cire rigar jami'ar ta ajiye a kan teburi, ta shiga ɗakinta.

Ba wanda ya tilasta masa. Ranar Litinin da kansa ya rubuta wa jami'ar gaskiya, su kuma suka janye gurbin. Ya shiga ƙaramar kwalejin da ke cikin gari, yana zuwa daga gida. Na sha ganinsu ta taga, shi a ƙasa, ita a kujerarta, tana tsokanarsa da "mai binne ni." Amma maganar takardar ba ta sake tayar da ita ba, shi ma bai taɓa samun ƙarfin tambayar ko ta huce ba.

Shekara biyu ta ƙara a duniya. Da ta rasu, Yvonne ta sami takardar nan a ninke cikin Littafi Mai Tsarki na tsohuwar, da gyara na jan biro. Ta soke "Talata" da "Maris," ta bar wurin fili don a cike. A ƙasa ta soke maganar ƙarshen da ya ƙirƙira mata, ta rubuta a gefe: "Ban ce haka ba. Cewa na yi na yafe maka tun ranar. Ka waiwayo, ka karanta min wannan a coci."

Ina wurin ranar jana'izar. Ya tsaya a gaban mutane da takardar a hannu, layi uku ya iya karantawa.

Darasi: Ƙaryar da ta buɗe maka ƙofa ita za ta riga ka shiga ta jira ka a ciki. Kuma yabon da kake tanadi don ranar mutuwar wani, kai masa shi yau tun kunnensa yana ji. Tura wannan labari ga ɗalibin da ka sani, da duk wanda kakarsa ko kakansa ke raye.