Ranar da Aka Sauya wa Mama Obin

Akwai wata dattijuwa mai 'ya'ya uku, kowa na kiranta Mama. Duk Asabar 'ya'yan nan sai sun hallara a gidanta da iyalansu, a dafa shinkafa da kaza, a gasa kek.

Obin ɗinta tsoho ne tukuf. Ƙofarsa ba ta rufuwa sai an tokare ta da kujera, kuma gefe ɗaya yake ci, dole wani ya zauna yana juya gwangwanin kek ɗin. Bota da sukari kuwa da muciya ake bugawa. Abin da ya kamata a gama cikin awa ɗaya sai ya cinye yini.

Babban ɗanta makaniki ne, ana ce masa Yaya. Auta kuwa malamin makaranta ne. Su biyun ba sa shan inuwa ɗaya, amma Mama kullum roba ɗaya take miƙa musu.

"Kai riƙe, kai buga. In hannu ya gaji ku yi musanya."

Za su fara da harara. Kafin bota ya yi laushi, sai ka ji Yaya yana cewa, "Hannun alli ne wannan, ba ni nan kafin ka suma." Auta ya yi dariya, shi ke nan an shirya.

Ta tsakiyarsu ita ce Manaja, don manaja ce a wani kamfani. Mace ce mai son komai tsaf, kuma ta tabbata ta fi kowa tunani a gidan. Kicin ɗin Mama kunya yake ba ta.

Wata Laraba, ba shawara da kowa, ta zo da sabon obin da injin kwaɓa fulawa, har da mai girki. Tsohon obin ta sa aka ba masu sayen ƙarafa.

Mama ta ce, "'Yar nan, da kin bar min kayana."

"Haba Mama, wahalar ta isa. Ke dai ki zauna ki huta."

Asabar ta zo, aka tarar da komai a jere kan tebur. Kek ɗin ya yi kyau, babu ƙuna ko kaɗan. Aka ci, aka yaba, kowa ya ciro wayarsa. Tunda babu abin jira, cikin minti arba'in falo ya watse.

Bayan wata biyu Yaya ya cire ɗansa daga makaranta ya kai shi gareji. A kan tebur Auta ya ce masa jahilci ne. Yaya ya ajiye cokali, ya tattara iyalinsa ya fita. Da a da ne, kek na cikin wuta, Mama za ta ce ba mai fita sai an sauke, kuma kafin a sauke zuciya ta huce. Ranar babu abin da ya riƙe shi.

Bai dawo ba. Auta ma ya ɗauke ƙafa, wai kada su haɗu.

Manaja ta ƙara ƙaimi, kek mai hawa biyu, kaza kala uku. Ita da Mama kaɗai suke zama su kalli abincin. Rannan ta kasa daurewa.

"Mama, me kuma suke so? Na gyara komai!"

Mama ta dube ta, ta ce, "Kina tsammani ban san ƙofar nan ta karye ba? Sau biyu mai gyara ya zo na sallame shi. Ni ba kek nake gasawa ba, 'ya'yana nake zaunarwa."

Maganar ta soki Manaja ƙwarai, har ta yi kuka a mota. Ta sallami mai girkin, ta rufe injin a kwali, ta tura wa kowa saƙo cewa Asabar da hannu za a yi, kamar da.

Yaya ya karanta bai amsa ba. Auta ya rubuto, "Anti, a ajiye min nawa, zan aiko a karɓa."

Asabar ɗin Mama ta tashi da wuri ta jera ƙwai goma sha biyu kamar yadda ta saba. Ita da Manaja suka jira har la'asar, duk motar da ta wuce sai Mama ta ɗaga labule. Daga ƙarshe ta fasa ƙwai uku, ta mayar da sauran cikin firij.

"Riƙe min robar," in ji ta. "Wannan ma ya ishe mu."

Darasi: Ba daɗin abinci ne ke haɗa iyali ba, zaman da ake yi wajen dafa shi ne. Kafin ka gyara abin da iyayenka suka saba da shi, tambaye su dalilin da ya sa suka bar shi haka, don wani gyaran ɓarna ne. Ku tura wa 'yan'uwanku, musamman wanda ya daɗe bai leƙa kicin ɗin gida ba.