Jinin da Aka Zuba a Ƙofa

An yi wani mutum a wani ƙaramin tsibiri cikin tsibiran Zanzibar, inda na yi shekaru ina limanci. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yau yana raye, kuma ban fitar masa da tsammanin rahamar Allah ba. Labarinsa dai zan ba ku, ya 'yan uwa, kowa ya ɗauki rabonsa a ciki.

Sana'arsa kai baƙi ƙarƙashin teku. Turawan da ke zuwa hutu yakan kwashe su a jirginsa mai inji, ya goya wa kowa tukunyar iska a baya, ya sa musu tabarau da takalman nutso, su sauka tare su yi kallon kunkuru da murjani da kifaye masu launi. Gwani ne, wannan kam ko mai ƙinsa ya shaida. Ga fara'a, ga baki, baƙo bai taɓa hawa jirginsa ya sauka ransa a ɓace ba.

Wansa Pandu ne ya rene shi. Ubansu ya fita kamun kifi bai dawo ba tun yana ɗan ƙarami, sai Pandu ya zame masa uba. Shi ya koya masa iyo, shi ya koya masa riƙe numfashi. Pandu bai taɓa goya tukunyar iska ba. Da numfashinsa yake nutso yana kamo pweza, halittar nan mai hannaye takwas da ake dafawa da ruwan kwakwa. In sun haɗu a bakin gaɓa yakan zolaye shi, ya ce, "Kai auta, har yanzu a tulu ake auna maka iska? Mu da huhun da Allah ya ba mu muke shiga." Ya faɗa yana dariya, amma kowa ya san ba abin da yake alfahari da shi a duniya kamar wannan ƙanen nasa.

To, baƙo ba ya ƙoshi da kallon kunkuru. Duk wanda ya sauka tsibirin tambayarsa ɗaya ce: za mu ga papa? Papa shi ne babban kifin nan mai haƙora jere-jere da wasu ke kira shak. Shi kuwa ba ya zuwa don an yi marmarinsa. Wata rana a hango shi can nesa yana wucewa, wata rana a daɗe ba a ga ko inuwarsa ba. Sauran masu jirage sukan ce wa baƙi, "In Allah ya so." Mutuminmu ya ga wannan magana ba ta tara jama'a. Sai ya fara cewa, "Ku biyo ni, a wurina kullum ana gani."

Ya 'yan uwa, wa ke yin alkawari da abin da ba nasa ba, in ba wanda ya shirya yin ha'inci ba?

Tun kaka da kakanni mutanen tsibirin ba sa zuba jini a Ƙofa. Ƙofa ita ce mashigin da ke tsakanin duwatsun murjani, inda ruwa mai zurfi ke ratsowa, nan ne kuma pweza ya fi yawa. Ko kifi mutum zai gyara, sai ya fito tudu ya binne hanjin a yashi. Ba camfi ba ne. Dabba in ta ci a wuri takan dawo wurin, mutanen gari kuwa a nan suke nutso.

Mutuminmu ya san wannan sarai. Duk da haka ya riƙa sayo kawunan kifi da jini a kasuwar babban gari, ya ɗura a jarkar mai don kada wani ya tambaya. In ya isa Ƙofa da baƙi sai ya juye ta bayan jirgi kafin su sauka. Da farko ƙanana suka riƙa zuwa. Daga baya manya suka zo, irin masu faɗin kai da kaurin jiki. Baƙi suka yi ta ɗaukar hotonsa yana shawagi a tsakiyarsu hannu a buɗe, sunansa ya bazu a wayoyi har ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, ana ce masa abokin papa. Wannan suna ya fi masa komai daɗi. Yakan zauna shi kaɗai yana maimaita kallon kansa a waya, har kiran salla ya wuce shi.

Ba a jima ba alamu suka fara fitowa. Masunci ya ja igiya ya tarar da kan kifi kawai a ƙugiya. Wata mata mai noman ciyawar teku ta ga abu ya gilma a ruwan da bai wuce mata ƙugu ba, ta watsar da buhu ta fito da gudu.

A lokacin an rufe kamun pweza na wasu watanni, kamar yadda aka saba, don ya yi girma. Ranar buɗewa ta matso, ranar da gari ke fita kwansa da kwarkwatarsa, mata a kan duwatsu da tsinken ƙarfe, maza a zurfi. Dattawa suka tara mutane a harabar masallaci bayan la'asar. Mzee Shaame, dattijon da ke riƙe da maganar buɗewa da rufewa, ya dubi mutuminmu ya ce, "Ɗana, kowa yana kai baƙi, amma kai kaɗai papa ke yi wa biyayya. Mun tsufa, ba mu haukace ba. Me kake ba su?"

Ga ƙofar tuba a buɗe a gabansa. Da ya ce na yi kuskure, da iyakarta a yi masa faɗa, a hana shi Ƙofa, a ɗaga buɗewa. Amma ya dubi idanun da ke kansa, ya tuna sunan da ake kiransa da shi. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Wallahi tallahi ban taɓa zuba ko ɗigon jini a Ƙofa ba. Sa'a ce Allah ya ba ni, ku kuma hassada ta dame ku."

Sai Pandu ya miƙe yana kaɗe zani ya ce, "To, kun dai ji. Yaron nan a bayana ya girma, in ya yi ƙarya ni na yi. Mzee, a buɗe kamar yadda aka sa. Ni zan fara shiga Ƙofa, masu tsoro su tsaya a tudu su riƙe mana takalma." Aka yi dariya, aka tashi a kan haka.

Tun daga wannan yammaci mutuminmu bai sake samun natsuwa ba. Amma maimakon ya faɗi gaskiya, sai ya shiga dabara. Ya daina zuba jini, ya daina kai baƙi Ƙofa. A lissafinsa, in papa suka ga ba abinci za su watse kafin ranar. Bai yi tunanin cewa wanda aka saba wa ci a wuri, in aka hana shi, zama yake yi yana jira da yunwa ba.

Sau ɗaya ya ɗaura niyyar faɗin gaskiya ya tafi gidan wansa. Ya tarar da shi a tabarma da maƙwabta, matarsa Bi Mwatima ta kawo shinkafa da miyar kwakwa. Pandu na hango shi ya ce, "Ga shi nan, ɗan halak! Yanzu nake ba su labarin ranar da ka fara nutso, ka sha ruwan gishiri ka fito kana kiran inna. Yau ga shi Turawa na bin sa. Zauna, auta, sa hannu." Ya zauna ya sa hannu. Maganar ta zo har maƙogwaronsa, ya haɗiye ta tare da loma, ya yi sallama ya tafi.

Ranar buɗewa da hantsi ruwa ya janye, gari ya cika bakin gaɓa. Pandu ya rataya tabarau a wuya ya ce masa a gaban mutane, "Kai za ka kai ni. Yau ni ne Baturenka." Ba yadda zai ƙi ba tare da ya faɗi dalili ba. Suka hau. Tun da sauran tafiya ya kashe inji ya ɗauki filafili, don ya san papa sun gane ƙarar injinsa.

Pandu ya ce, "Mai kake yi wa rowa, ko ni ne ban biya ba?"

Ya ce, "Don kada mu kori pweza ne, Yaya."

Da suka isa, Pandu bai yi sauri ba, shi da aka sani da faɗawa ruwa kafin jirgi ya tsaya. Ya tofa wa tabarau yawu ya ɗauraye, ya sa, ya cire, ya gyara igiyar. Ya zauna a gefen jirgi ƙafafunsa na lilo a ruwa. Sannan ya juyo ya ce, "Auta, akwai abin da ya kamata in sani?"

Sauran kwale-kwale sun matso, ana jin maganar juna. Mutuminmu ya dubi ruwa, ya gan shi garau, ba komai sai yashi da murjani. Ya ce a ransa, wataƙila sun tafi. Ya ce, "Ba komai, Yaya."

Pandu ya ce, "To, bismillah." Ya ja numfashi ya nutsa.

Ba zan tsawaita muku abin da ya biyo baya ba. Ya fito da pweza na farko ya ɗaga sama, mutane suka yi shewa. A nutso na biyu ruwan ya yi ja. Gaskiya ɗaya zan faɗa wa mutuminmu: bai tsaya tunani ba, ya faɗa cikin jinin ya rungumo wansa ya fito da shi. Amma ƙafar dama daga cinya ta riga ta tafi. Jarumtakar da ta sa shi faɗawa bakin papa, ita ce ya rasa ɗazu da ake neman kalma ɗaya daga bakinsa. Ashe idon mutane ya fi haƙorin papa ba shi tsoro.

Aka ɗaure cinyar da igiyar anga, ƙarfen tsayar da jirgi, aka garzaya da Pandu asibitin babban gari. Ya kai washegari. Da rana ta yi ya farfaɗo, ya tarar da ƙanensa durƙushe a gefen gado. Mutuminmu ya kama hannunsa ya faɗi komai, da jarkar, da jinin, da rantsuwar, yana kuka kamar yaro.

Pandu ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce a hankali, "Ai na ji ƙarnin a katakon jirginka tun da na hau. Hancin masunci ne da ni, auta. Shi ya sa na yi ta wasa da tabarau, ina ba ka lokaci."

Ya ce, "To me ya sa ka shiga, Yaya? Me ya sa?"

Ya ce, "Da ka ce ba komai sai hankalina ya kwanta. Na ce hancina ne ya yi ƙarya. Yaron da na goya ba zai zuba ido in shiga ba."

Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Bayan jana'iza mutuminmu ya tsaya a harabar da ya yi rantsuwa ya maimaita wa gari abin da ya gaya wa wansa. Ba wanda ya ɗaga masa hannu, ba wanda ya zage shi. Mutane suka sa takalmansu ɗaya bayan ɗaya suka watse. Aka rufe Ƙofa, har na bar tsibirin ba a sake nutso a cikinta ba, gari ya rasa wurin da ya fi ciyar da shi. Mutuminmu ya kai wa Bi Mwatima duk abin da ya samu daga sayar da jirginsa. Ta ce ta bayan labule, "Marayu za su ci, don haƙƙinsu ne. Amma kada ka sake zama a tabarmarsa." Yanzu dako yake yi a kasuwar babban gari. Wanda ya gan shi kwanan baya ya ce mini ko a jirgin fito ba ya zama ta gefen ruwa.

Ya 'yan uwa, ku dubi inda abin ya faro. Bai tashi da niyyar kashe kowa ba. So yake a yabe shi, sai ya yi ha'inci. Ha'incin ya nemi rufi, sai ya jawo sunan Allah ya rufa da shi. Malamai sun gaya mana rantsuwar ƙarya da gangan tana cikin manyan zunubai, irin wadda ke dulmiyar da mai ita. Kuma ku lura da wanda ta fara ci. Ba Mzee Shaame ta ci ba, da yake shi ya yi shakka. Wanda ya gaskata shi ta ci. Haka ƙarya take, ba ta samun mai zarginka, sai wanda ya ba ka amanar ransa.

Wa ya sani ko a cikinmu yau akwai mai ɓoye wani abu da ya san zai cuci wani? Mai motar da ya san birkinsa, mai maganin da ya san abin da ya ɗura a kwalba, maginin da ya san abin da ya rage a siminti. Wataƙila wani na zaune a gefen jirginka yanzu haka, yana jan lokaci, yana jiran ka buɗe baki. Ka faɗa tun ƙafarsa na jikinsa. Kunyar yini ɗaya ce, za ta wuce. Shi mutuminmu ya faɗi gaskiya daga ƙarshe, da kalmomin nan da ya kasa faɗa jiya, amma a gefen gadon mutuwa.

Allah ya jiƙan Pandu, ya karɓi tuban ƙanensa. Allah ya kiyaye mu da rantsuwar ƙarya da son a yabe mu, kada ya sa mu zama sanadin halakar wanda ya yarda da mu. Amin.