Mai Lambun da Ya Bi Kwandonsa

Akwai wani mutum mai lambun tumatir a bakin fadama. Mai ƙwazo ne, Ubangiji kuwa ya sa wa hannunsa albarka. Al'adar masu lambu a garinsu ita ce a cika kwando har a yi masa tozo, gama wanda kwandonsa ya fi tudu shi ake kira manomi. Duk ranar da motar kaya ta tsaya, kwandunan mutumin nan sun fi na kowa yawa, sun fi na kowa tozo. Mutane sukan tsaya suna yabo, shi kuwa yana gyara hula kamar bai ji ba, alhali kunnensa na wurin.

Amma gidansa ba daɗi. Kowace shekara kwanduna na ƙaruwa, abin da dillalinsa ke aikowa daga birni yana raguwa. Har ta kai in bana ta zama kamar bara, dole ya sayar da injin ban ruwa ya sayi taki, lambun da ba inji kuwa ya mutu ke nan. Ya zargi dillali da cuta, ya zargi mutanen birni da rowa. Kansa ne kawai bai zarga ba.

Wata rana matarsa ta ce masa, "Baban Tabita, duk gari ya san kwandunan da ke fita daga lambunka. Ni abin da ban sani ba, kwando guda in ya tafi, me yake komowa da shi gidan nan?"

Maganar ta yi masa zafi, ya kwana biyu yana ciccin magani. Amma ga abin da ya sa nake girmama mutumin nan: bai tsaya a fushi ba. Ya ɗaura jan ƙyalle a bakin kwando guda, ya hau bayan mota da furfurarsa, ya bi shi.

Direban motar, wanda kullum yake zaɓa don ya fi araha, ashe yakan tsaya gari gari yana jiran ƙarin kaya, tumatir na dahuwa a rana. Masu lodi kuma a kan tozon suke ɗora wani kwandon, sai na sama ya danne na ƙasa, ruwa na ɗiga ta gindin mota kamar ɗaki mai yoyo. Da suka isa birni kasuwa ta riga ta ci, manyan masu saye sun watse. Dillali ya juye kwando mai jan ƙyalle a gabansa. Saman ya fashe, ƙasan ya zama miya, da kyar aka tsinci rabi.

Mutumin ya ji kunya ƙwarai. Ya kama hannun dillali ya nemi gafara saboda zargin da ya daɗe yana yi masa. Sa'an nan ya zauna a inuwa ya yi lissafin da bai taɓa yi ba. Daga kuɗin da kwandon ya kawo ya cire na sayen kwando, da ladan masu tsinka, da na lodi, da na mota, da la'adar dillali. Abin da ya rage bai kai kuɗin kwanon masara ba. Ashe tozon da yake taƙama da shi ne ke cinye gidansa, mota mai araha kuma ita ce mafi tsada.

Da ya komo, sai ya sa a riƙa tsinkar tumatir tun bai gama nuna ba, a cika kwando daidai baki. Ya nemi direba mai tsada wanda ba ya tsayawa a hanya. Wanda ya nuna sosai kuwa matarsa ta yanka ta shanya. Maƙwabta suka yi ta dariya, suna cewa an yi wa kwandunansa aski, tsufa ya kama shi. Tambayarsa kowane mako ita ce ta matarsa: me kwando guda ya komo da shi, kuma ya daɗe a hanya ko bai daɗe ba?

Da rani ya ƙare, ya sayi taki, injinsa kuwa yana nan yana ruri a bakin fadama. Wanda ya fi kowa yi masa dariya shi ya fara zuwa a ɓoye yana neman lambar direban.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: lambun shi ne ranka, kwandunan su ne ayyukanka, hanyar kuwa ita ce tsakaninka da wanda aka aiko ka gare shi. Mu mun iya tozo. Mukan yi murna da yawan taron da muka halarta, da tsawon addu'armu, da baikon da aka ga mun saka. Amma Ubangiji ba ya tsayawa a bakin lambu tare da masu yabo. A can inda ake juye kwando yake jira, ya ga abin da ya isa.

Hatsin da muka tara wa gwauruwa, ya shiga tukunyarta, ko yana kusurwar majami'a ƙwari na ci? Kai da ka aika a ba ɗan'uwanka haƙuri, ka je ka ga ko zuciyarsa ta huce? Ke da kike koya wa 'ya'yanki ayoyi, kin duba ko sun isa bakin rijiya da filin ƙwallo?

Mai lambun nan bai ƙara shuka ko kunya guda ba. Tawali'u ya yi, ya hau mota ya je ya gani. Kai ma ka ɗaura wa alherinka guda jan ƙyalle, ka bi shi da ƙafarka har ƙofar wanda ka yi dominsa, tun ba a juye kwandonka a gaban Mai lambun na gaskiya ba.