Awa Ɗayar da Costel Ya Hana 'Yarsa

Akwai wani gida a ƙarshen layinmu, bayan coci, da babu uwa a cikinsa yanzu. Aurica ce uwar, ƙanwata ce ciki ɗaya. Ta rasu a watan Oktoban bara, ta bar mijinta Costel da 'yarsu tilo, Otilia, mai shekara goma sha huɗu. Costel da kansa ya ce in rubuta muku wannan a shafin nan, kuma kada in rage komai.

Otilia yarinya ce mai kaifin basira, sai dai haruffa ba sa zama mata wuri ɗaya. Layin da 'yan ajinsu za su karanta a minti ɗaya, ita sai ta yi biyar tana fama da shi. Tun tana aji biyu uwarta ta kai ta birni. Likita ya duba ta, mai gwajin ƙwaƙwalwa ya gwada ta, kwamiti ya zauna, aka ba ta takardar shaida.

Albarkacin wannan takardar ne Malama Rodica, malamar yara masu buƙata ta musamman, take zuwa makarantar ƙauyenmu sau biyu a mako ta zauna da Otilia. Da takardar kuma za a ƙara mata awa ɗaya a babbar jarrabawar aji takwas, wadda kowane yaro a Romaniya ke tsoro, domin makinta ne ke zaɓa masa makarantar gaba. Otilia tana da wadda take so: ta koyon kula da lafiyar dabbobi a birnin Vaslui.

Duk wannan zirga-zirgar Aurica ce ke yin ta. Costel shanunsa uku ya sani da gonar masararsa. Bai taɓa buɗe jakar takardun ba.

Ranar sadakar arba'in, bayan an dawo daga makabarta, aka zauna cin abinci. Aka raba dafaffiyar alkama mai zuma, aka kawo kabeji naɗe da nama. Sai Otilia ta miƙe da ɗan littafin addu'a a hannu, ta karanta Zabura guda daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe ko ɗaya.

Mata suka fashe da kuka. Ni ma na rungume ta, na ce, "Yarinyar nan ta warke." Da bakina na faɗa, kuma Costel ya ji.

A wurin zaman manya a teburin akwai tsoho Fanel, wanda ya tsaya wa Costel da Aurica a matsayin uba ranar aurensu a coci. Nashu suke kiransa, kuma a wurinmu ba a yi wa Nashu musu.

"Kai Costel," in ji shi, "wannan ce mai takardar? Ai ta fi limamin cocinmu iya karatu, shi da yake haɗiye rabin kalmomi."

Costel ya yi murmushi, karo na farko cikin kwana arba'in.

Nashu ya ci gaba, "Allah ya jiƙan Aurica, amma ta cika tsoro. Ka san abin da ake kiran takardar nan a shago? Takardar taɓaɓɓu. Gobe in wani ya ce yana son yarinyar, zancen takardar nan uwarsa za ta fara yi. Mu a zamaninmu, in yaro bai iya karatu ba, kunne ake ja masa ya iya."

"Ashe shi ya sa kunnuwanka suka yi tsawo haka, Nashu," in ji wata tsohuwa daga ƙarshen tebur.

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Amma maganar ta riga ta shiga Costel.

Da baƙi suka watse, ya kira Otilia. "Faɗa mini gaskiya, har yanzu kina buƙatar malamar nan?"

Ta kalli gemun makokin da ya tara, da idanunsa da suka faɗa. Ta ce, "A'a, Baba."

Ranar Litinin ya sa hular zuwa coci ya tafi makaranta. Ya tarar da Malama Rodica a ɗan ɗakinta kusa da murhu, tana yanka kwali.

"Malama, na zo in cire 'yata daga wannan tsarin. Ta warke."

"Baban Otilia, zauna tukuna. Wannan ba mura ba ce da za a warke. Ta iya zama da abin ne, saboda ana taimakonta. Yara goma sha ɗaya nake bi a ƙauyuka huɗu. Wani ba ya ji sosai, wata in'ina take, wani ba ya iya zama minti biyar a kujera. Babu taɓaɓɓe ko ɗaya a cikinsu."

"Tawa dai ba ta cikinsu."

"Takardarta za ta ƙare a Disamba. In ka bari ta mutu, sai an sake komai daga farko, kuma wata da watanni ake yi. Jarrabawa a Yuni take. Sannan Zaburar nan da ka ji..."

"Da kunnena na ji, Malama. Ba labari aka ba ni ba. Ina zan sa hannu?"

Ba ta so ba. Amma doka ta ba uba wannan ikon. Ta miƙa masa alƙalami.

Hunturu ya wuce. Otilia tana zuwa makaranta tana dawowa, tana tuƙa tuwon masara, tana tatsar shanu. In ya tambaye ta karatu, sai ta ce lafiya lau.

Cikin watan Afrilu wata saniyarsu ta haihu, ta kwanta da zazzaɓi. Likitan dabbobi ya bar magani ya wuce wani ƙauye. Costel ya nemi tabaronsa bai gani ba, sai ya miƙa wa Otilia takardar cikin kwalin.

"Duba mini, sau nawa ake ba ta a rana?"

Ta riƙe takardar. Ta sa yatsa a kan layin farko. Leɓenta yana motsi, ba abin da ke fita.

"Ke, yi sauri mana, saniya na wahala."

"Baba, ina ƙoƙari."

"Wane irin ƙoƙari? Ke da kika karanta Zabura a gaban jama'a?"

Otilia ta sauke takardar. "Ba karantawa na yi ba, Baba. Haddacewa na yi. Mako uku Malama Rodica tana maimaita mini, don ina so in yi wa Mama wani abu. Littafin riƙe shi kawai na yi."

Costel ya jingina da katangar garke.

"Me ya sa da na tambaye ki kika ce a'a?"

"Ranar ce kaɗai na ga ka yi murmushi."

Ta shiga ɗaki ta fito masa da sakamakon jarrabawar gwaji da aka yi a Maris, wanda ta ɓoye a ƙarƙashin katifa. Duk abin da ta amsa daidai ne. Rabin takardar kuwa fari fat, ba ta kai wurin ba.

Washegari ya koma wurin Malama Rodica, hularsa a hannu. Ba ta ce masa "ai na faɗa maka" ba. Ta rubuta masa wuraren da zai je ɗaya bayan ɗaya, ta kuma ce Otilia ta riƙa zuwa gidanta kowace Asabar.

Ya bi motar haya zuwa birni har sau shida. Likita ba shi da rana sai tsakiyar Mayu. Mai gwaji sai bayan likita. Kwamiti sai bayan mai gwaji. Ya roƙi matar da ke karɓar takardu ta taimaka masa. Ta ce, "Bawan Allah, akwai yara sittin a gabanku. Wanne zan cire?"

Ranar jarrabawar harshen Romaniya, Costel ya tsaya a bakin ƙofar makarantar tare da sauran iyaye. Da awa biyu ta cika, yara suka fito suna hayaniya. Otilia tana cikinsu, tana tafiya a hankali.

"Yaya?"

"Saura shafi ɗaya da rabi, Baba. Da na leƙa, na ga na san wasu."

Iyaye suka watse. Sai wata mata daga ƙauyen gaba ta rage a kan benci tana saƙa.

"Ke ba ki tafi ba?" in ji Costel.

"Tawa tana da takarda. Sai nan da awa ɗaya."

Otilia ta ja hannunsa. "Mu tafi, Baba."

"Je ki zauna a inuwa. Ina zuwa."

Bai motsa ba. Ya tsaya a ranar nan yana kallon agogonsa, minti bayan minti, har awa ɗayar ta cika. Ya gaya mini bai taɓa sanin awa ɗaya tana da tsawo haka ba. Ya ce ta isa a karanta shafi ɗaya da rabi har sau biyu, ko da yatsa ake bi.

Makinta bai kai na makarantar dabbobi ba, kaɗan ya rage. Aka tura ta makarantar koyon ɗinki. Sabuwar takardar ta iso ranar tara ga Yuli.

Nashu Fanel ya zo jaje, yana cewa ɗinki ma sana'a ce. Costel ya ba shi kujera, ya ce, "Nashu, kai magana ka yi. Ni ne na sa hannu."

Ranar da aka buɗe makarantar ɗinkin, shi ya raka Otilia. A gaban iyaye da malamai ya miƙa takardar ga shugabar makarantar, ya ce da ƙarfi, "'Yata tana da wannan. A ba ta duk abin da ya zo da ita."

A hanyar fita ya ce, "Otilia, ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe, Baba. Amma in na gama nan, zan sake neman ta dabbobin."

"Ni zan kai ki," in ji shi.

Darasi: In ka ga yaro mai buƙata ta musamman ya fara tsayawa da ƙafafunsa, kada ka yi saurin janye masa tallafi, domin tallafin ne ya tsayar da shi. Kafin ka sa hannu, ka bar malaminsa ya gama magana, kuma kada surutun mutane ya yanke wa ɗanka hukunci. Ku tura wannan ga duk iyayen da ke jin kunyar irin wannan takarda. Ku taya mu addu'a: Allah ya jiƙan Aurica, ya yafe wa Costel da ni da na fara cewa ta warke, ya buɗe wa Otilia ƙofar da muka rufe mata. Ku ce amin.